Amsoshin Wasiƙunku: Ƙofar Land Rover Ta Lotse

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Potiskum, mai tsohuwar Land Rover da yake cin kasuwannin ƙauye da ita. Ya ce bijimi ne ya tunkuyi ƙofar motar ta lotse, mai gyara kuma ya ce sai ya gasa wurin da wutar walda ya yi ja kafin ya buge shi. Yana tambaya, ya yarda?

To Malam, kada ka yarda da wannan "sai ya yi ja". Jikin Land Rover, tun farkon ƙera ta a Ingila a 1948, na alminiyom ne, wato irin abin da ake tukwanen dalma da shi. In kana shakka, ɗora maganaɗisun tsohuwar lasifika a ƙofar, za ka ga bai kama ba.

Ƙarfe yakan yi ja tun bai kai ga narkewa ba, ka ga ya yi maka gargaɗi ke nan. Alminiyom kuwa ba ya canja launi. Zafi na kaiwa wajen digiri 660 sai kawai ka ga wurin ya zube, ƙofa ta zama taga. Ƙarfe kuwa sai wajen digiri 1,500.

Amma fa wutar tana da amfaninta, domin alminiyom in aka yi ta bugunsa da sanyi yakan yi tauri ya tsage. Ga yadda tsofaffin masu gyara ke yi: a kankare fenti, a goga sabulun wanki a wurin, a riƙa zagaya harshen wuta, ba a tsayar da shi wuri guda. Da sabulun ya yi baƙi, a janye wuta. In ya huce, a tokare ta ciki, a bi da gudumar katako a hankali, daga gefe zuwa tsakiya. In ya sake tauri, a maimaita.

A cire ƙofar tukuna, don a yawancin tsofaffin nan tankin mai yana ƙarƙashin kujera ne.

Masu motocin zamani kuma, wannan dabara ba taku ba ce. Nasu alminiyom wuta mai yawa tana raunana shi, tana kuma sakin gam ɗin da aka haɗa jikin da shi.