Kwance Kaya a Baƙuwar Ƙasa



Mun sha ganin iyali sun taso daga Maraɗi ta Nijar, sun sauka a tashar Oshodi ta Legas, sun shiga danfo zuwa Agege. Kwanakin farko akwai nauyi. Maigida yana ta juya sefa zuwa naira, ga mai gidan haya yana neman kuɗin shekara guda a dunƙule. Yaran da suka soma karatu da Faransanci sun tarar da Turanci a aji, Yarbanci a layi. Uwargida kuwa ta ƙi kwance kayanta, wai ba daɗewa za a yi ba.

Haka mutanen Yahuza suka zata da aka kwashe su zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Sai annabi Irmiya ya aika musu da wasiƙa daga Urushalima, tana nan a sura 29. Ya ce su gina gidaje, su dasa lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su yi wa birnin addu'a. Birnin da ya ci su da yaƙi fa! Zaman kuwa na shekara 70 ne.

Uwargida, ki fito da tukwanenki yau. Maƙwabciyarki Bayarbiya ce, ki koyi gaisuwarsu, ki riga ta gaisuwa gobe da safe.