Hanyar Dagona da Baƙin da Muke Kaiwa

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Nguru

 

Kakanninmu da yawa jirgin ƙasa ne ya kawo su garin nan, tun da dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930. Fataucin gyaɗa da ƙaro da fatu ya zaunar da su, Mangawa da Badawa suka ba su masauki. Yau ga mu da motoci da babura da shaguna a bakin tasha, amma in baƙo ya sauka ya ce a kai shi kallon tsuntsaye, sai mu tsaya kallon juna. Wallahi akwai wanda aka haifa a nan, ya yi furfura, bai taɓa taka Dagona ba. Alhali a 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya taso takanas ya zo wurin.

To, ga yadda tafiyar take. Jirgin nan ya daɗe da daina zama abin dogaro, don haka mai tasowa daga Kano mota zai hau, ya bi ta Gumel da Malam Madori. Daga Nguru zuwa Gashuwa kamar awa guda ce in hanya ba ta lalace ba, ta Jajimaji. Dagona tana ƙasar Bade, sai an saki kwalta an shiga burji da yashi. Ƙaramar mota ba ta son wannan yashin, kada kwaɗayin kuɗin shata ya sa direba ya ce za ta iya. Mun ga wanda ya wuni yana haƙa, baƙinsa na zaune a gindin ƙaya.

Sai lokaci, nan ne muka fi yin kuskure. Tsuntsayen Turai da hunturu suke zuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu aka fi cika ido, su haɗu da namu na gida, kirinjijiya da dinya da zalɓe. Da damina ruwa kan yanke hanya, da bazara tabki ya ja baya. Wanda ya nemi zuwa a Afrilu, a gaya masa gaskiya tun bai biya ba. Kuma sammako ake yi. In rana ta take, ba abin gani sai zafi.

Wanda ba shi da hali, ga tabkin Nguru a bakin ƙofa, wajen Dabar Magini. A 2000 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na Ramsar, shi ne na farko a Nijeriya. Sai dai tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya ta canza hali, kacala ta toshe magudanai. Mai kwalekwale ɗan wurin ne kaɗai ya san inda ke ɓullewa, kada mu yi masa shigar sauri.

Dagona kuwa tana cikin gandun gwamnatin tarayya na Tabkin Chadi tun 1991. A fara neman izinin ma'aikatan gandu, a gaida mai gari, kada a shiga da bindiga ko tarko. Ƙasar tana da masu ita.

Direbobi da 'yan acaɓa da ke son mu je tare mu ga hanyar da idonmu kafin sanyi ya shigo, su ba sakatare sunayensu bayan addu'a.