Ina jikka guda ta shiga?

Jawabin da aka yi a taron ƙungiyar gari, kafin karanta littafin ma'aji

 

Kafin ma'aji ya buɗe littafinsa, ga wata ƴar wasa ƙwaƙwalwa. Ku kasa kunne da kyau, don ta sha kayar da masu ilimin lakkwal.

Mutum ukku suka tafi kasuwa sayen rago. Dillali ya ce musu jikka 30. Kowa ya zaro jikka 10, suka ba shi, suka ja ragonsu. Da dillali ya kai kuɗi wurin mai rago, sai mai rago ya ce: "A'a, ni jikka 25 na sallama. Maida musu jikka 5." A kan hanya dillali ya ce a ransa, biyar ba ta rabuwa ga mutum ukku. Sai ya ba kowa jikka guda, ya sa 2 aljihu.

To, ga tambaya. Kowa ya ba da 10, an maido masa 1, ke nan 9 ya biya. Tara sau ukku, 27. A haɗa da 2 ta dillali, 29. Amma 30 suka fitar. Ina jikka guda ta shiga?

Na san abin da wasunku ke cewa: dillali ya ɓoye ta a hula. Ku bar bawan Allah, biyun da ya ci ta ishe shi laifi. Ba kuɗin da ya ɓace. Mai tambaya ne ya ɗora ku kan mugunyar hanya, ku kuwa kuka bi shi don lissafinsa ya yi kama da gaskiya.

Mu bi kuɗin da ƙafa, mu ga hannun da kowace jikka ta kwana. Mai rago yana riƙe da 25. Dillali yana riƙe da 2. Masu saye sun koma gida da 3. Ashirin da biyar da biyu da ukku, 30 cif.

Wannan 27 da suka biya, ina ta tafi? Jikka 25 ga mai rago, 2 ga dillali. Ashe biyun dillali tana cikin 27 tun farko. In ka sake ɗora ta a kai, ka ƙidaya ta sau biyu, kamar mai ƙirga tumakinsa a garke, sannan ya ƙara da biyu daga cikinsu don ya gan su suna shan ruwa. Abin da ake haɗawa da 27 shi ne ukkun da aka maido. Biyun kuwa cire ta ake yi, a samu kuɗin mai rago.

Mai sauran shakka, ga gwaji. A ce jikka 20 mai rago ya maido. Dillali ya riƙe 2, kowa ya samu 6, ke nan 4 ya biya. Huɗu sau ukku, 12, da 2 ta dillali, 14. Wa zai yarda jikka 16 ta ɓace? Ba kowa. Kusancin 29 da 30 ne kaɗai ya ruɗe mu.

Ba don dariya na kawo wannan ba. Da irin wannan lissafi ake ɓata sunan mutumin kirki. Wani zai tashi a taro ya haɗa kuɗin karo-karo da aka tara da kuɗin da aka kashe wajen gyaran rijiya, ya ga bai yi daidai da komi ba, ya ce ma'aji ya ci. Magana ta bazu, shekara mai zuwa kowa ya ƙi ba da nasa, rijiya ta zauna haka nan.

Don haka a littafinmu shafi biyu ne: abin da ya shigo a ɗaya, abin da ya fita a ɗaya. A cire na biyu daga na farko, abin da ya rage shi za a zube a kan tabarma a ƙidaya gaban kowa.

Sai kuma a kula da wani abu. Mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da tamma take magana. Dala guda tamma 5 ce, jikka dala 200. In ma'aji ya karanta 500, dala ɗari yake nufi. Wanda bai gane ba ya tsayar da shi ya tambaya, ba kunya a ciki.

Malam ma'aji, bisimilla.