Kulle Ƙofar Wi-Fi Ta Gida: Jawabi A Taron Tsofaffin Ɗalibai



An ce in yi magana a kan sana'ata, sai na ga gara in fara da abin kunyar da ya same ni. Bara na sayi rauta, wato 'yar na'urar nan mai watsa Wi-Fi a gida, na saka mata data ta wata guda. Kwana 9 ta ƙare. Na yi ta yi wa yara faɗa, ashe ba ruwansu. Da na buɗe shafin na'urar sai na tarar da wayoyi 14 a kanta, alhali mu 6 ne a gidan. Baƙo ɗaya na ba kalmar sirri, shi kuma ya raba wa samarin majalisar ƙofar gidanmu. Ni fa da nake gyara wa mutane kwamfuta!

Asarar data ƙaramin abu ne. Layin da ke cikin na'urar an haɗa shi da lambata ta NIN, kamar yadda gwamnati ta wajabta tun ƙarshen 2020. In wani ya yi damfara ta kansa, ƙofata za a fara ƙwanƙwasawa.

Ku sani makullai biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai kalmar shiga Wi-Fi, wadda kowa ya sani. Akwai kuma ta shiga shafin sarrafa na'urar, wadda a na'urori da yawa take zuwa daga kamfani a matsayin "admin", kuma ba mai canja ta. Wanda ya shiga nan, shi ne mai gida. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi kimanin 60 kacal. Kun tuna masu barin makulli a jikin kwaɗon akwati a ɗakin kwana? To, haka ne.

Adireshin shafin yana rubuce a ƙarƙashin na'urar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ku canja kalmomin biyu, a yi su da tsawo, ban da sunan amarya ko lambar waya. A wajen tsaro ku zaɓi WPA2, ko WPA3 da ya fito a 2018. In tsohuwar na'ura ce mai WEP kaɗai, a yi mata ritaya, tun 2001 aka gano lagonsa. Ku kashe WPS kuma: lambobinsa 8 ne, amma a 2011 aka nuna gwaji kamar 11,000 ya isa a fasa su.

Baƙo kuwa ba a hana shi, ba tarbiyyarmu ba ce. Yawancin na'urori suna da sashen baƙi daban, a buɗe masa can, in ya tafi a canja kalmar.

Malamanmu da duk wanda abin ya shige wa duhu, ina nan bayan cin abinci, kyauta. Wassalam.