Rage Nauyin Katsewa a Direbobin Katin Sadarwa

Idan fakitin bayanai ya iso kwamfuta ta wayar Ethernet, katin sadarwa ne ke fara karɓarsa. Yakan zuba shi kai tsaye a wani yanki na ma'ajiya da direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya keɓe masa, wanda ake kira zobe domin in an kai ƙarshensa sai a koma farko. Daga nan katin ya aika wa furosesa sigina cewa kaya sun iso. Wannan sigina ita ce katsewa, kuma sunan ya dace da ita: furosesa kan ajiye aikin da ke hannunsa, ya adana inda ya tsaya, ya shiga direba, ya gama, sannan ya dawo. Shiga da fitar ba su ne duk asarar ba. Aikin da aka katse yakan dawo ya tarar an ture bayanansa daga ma'ajiyar kusa, sai ya sake ɗebo su daga nesa, kuma wannan ɓoyayyiyar asara takan fi ta fili yawa.

Lissafi ne ke nuna girman matsalar. Mafi ƙanƙantar fakitin Ethernet bayit 64 ne. In aka haɗa da bayit 8 na share fage da 12 na tazarar da ke tsakanin fakiti da fakiti, ya zama bayit 84, wato bit 672. Layi mai gudun gigabit ɗaya zai iya kawo irinsa 1,488,095 a sakan guda. A gigabit 10 adadin ya kai miliyan 14.88, fakiti ɗaya kowane nanosakan 67. Furosesa mai gudun gigahaz 3 bugu wajen 200 kacal yake yi a wannan ɗan taƙin. Katsewa ɗaya ga kowane fakiti ba za ta taɓa shiga nan ba.

Abin da ke faruwa a lokacin ya fi jinkiri muni. Katsewa tana gaba da kowane aiki a layin fifiko, don haka furosesa ya dinga amsa sallama a ƙofa, yana karɓar kaya yana jibgewa, manhajar da za ta yi amfani da su ba ta samun sarari. Layukan jira su cika, a fara zubar da fakitin da aka riga aka sha wahalar karɓa. Kwamfutar ba ta mutu ba, aiki take yi iya ƙarfinta, amma abin da take fitarwa ya kusa sifili. Jeffrey Mogul da K. K. Ramakrishnan sun fayyace wannan hali a wata maƙala ta 1996, kuma maganin da suka bayar shi ake bi har yau.

Magani na farko a jikin katin yake: tara katsewa. Maimakon ya kira furosesa nan take, katin yakan jira wasu mikrosakan ko wani adadi na fakiti, sannan ya yi kira ɗaya. A Linux ana saita wannan da umarnin ethtool. In aka sa tazarar mikrosakan 50, katsewa ba za ta wuce 20,000 a sakan ba, komai yawan kaya. Sai dai fakitin da ya zo shi kaɗai zai zauna jiran 'yan rakiyar da ba za su zo ba. Ga mai kwafar manyan fayiloli wannan ba komai ba ne, amma sabar da ke amsa ƙananan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya tana jin sa a jika. Shi ya sa direbobi da yawa ke ƙara tazarar ko rage ta da kansu, gwargwadon cunkoso.

Na biyu, wanda ya fi hikima, shi ne NAPI, tsarin da Jamal Hadi Salim da Robert Olsson da Alexey Kuznetsov suka gabatar a 2001, ya zauna a Linux 2.6, aka kuma mayar da shi baya cikin 2.4.20. Fakitin farko yakan jawo katsewa kamar kullum. Direba sai ya rufe katsewar katin, ya sa kansa a jerin waɗanda za a leƙa. Kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ya zo ya kwashe abin da ke zobe, bisa al'ada har fakiti 64 a zuwa ɗaya, don kada kati guda ya danne sauran. In an cika 64, akwai saura ke nan, za a sake leƙowa ba tare da wata katsewa ba. In ba a cika ba, zobe ya ƙare, sai a buɗe katsewa. Ta haka kwamfuta ke amsa kira in hanya ba kowa, ta koma leƙe in kasuwa ta ci. Kuma in kaya sun fi ƙarfinta, katin ne ke zubar da rarar tun a bakin ƙofa, furosesa bai kashe ko bugu ɗaya a kansu ba.

Inda marubuta direba suka fi tuntuɓe a nan ɗan ƙaramin wuri ne: fakiti na iya shigowa tsakanin leƙen ƙarshe da buɗe katsewa. In ba a yi tanadi ba, zai kwana a zobe har wani ya zo ya tashe shi.

Da kwamfutoci suka sami cibiyoyin lissafi da yawa, sai aka raba nauyin. Tsarin MSI-X yana ba na'ura ɗaya damar katsewa daban-daban har 2,048, katin kuma ya rarraba fakiti a zobba da dama bisa adireshinsu, kowane zobe da cibiyarsa.

Akwai masu watsar da katsewa kwata-kwata. Tsarin DPDK, wanda Intel ya faro, yakan keɓe cibiya guda ta yi ta leƙen zobe ba hutu. Gudu kam akwai shi, amma cibiyar tana shan wuta ko da ba fakiti ko ɗaya. Linux 6.13, wanda ya fito a Janairun 2025, ya ɗauki hanyar tsakiya daga binciken Martin Karsten na Jami'ar Waterloo a Kanada: a dakatar da katsewa muddin manhaja na samun kaya a leƙenta, a mayar da ita da zarar ta leƙa ta tarar da zobe wayam.