MURHU MAI TATTALIN ITACE: KU SAN ABIN DA ZA KU SAYA

Wannan shi ne jawabin da wata malamar tsafta ta yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, a garin Katuru cikin Ƙaramar Hukumar Shinkafi. Mun buga shi domin amfanin masu karatu.

 

Yau zancenmu a kan murhu ne. Kowa ya san murhun duwatsu uku. Da shi aka girka tuwon da ya raine mu. Amma yana da aibu guda biyu: cin itace da yawan hayaƙi.

Masana sun auna wutar irin wannan murhu. Sun gano cewa idan aka kasa zafinta kashi goma, abin da yake shiga tukunya bai kai kashi biyu ba. Sauran duk iska ce take kwashewa. Ke nan yawancin itacen da kuke ƙonawa asara ne.

Kun fi ni sanin wahalar itace a yau. Kirya da marke sun yi nisa. Sabara da geza ma sai an yi tafiya. Ga kuma halin rashin tsaro da ake ciki a ƙasashen Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda. Shiga daji neman itace ya zama sai da shahada. Don haka duk damin da aka yi tattalinsa, an rage wa wani shiga haɗari.

ILLAR HAYAƘI

Hayaƙi ba ya tsayawa a ido. Yana shiga huhu. Yana kawo tari da ciwon haƙarƙari, wato nimoniya, musamman ga yara ƙanana. Ga manya kuma yana kawo ciwon zuciya da shanyewar jiki da yanar ido. Uwa tana girki, goyonta yana shaƙa tare da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane fiye da miliyan dubu biyu ne suke girki da itace ko gawayi ko kara ko kashin shanu ko kananzir. Ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3. A cikinsu akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000.

MURHU YA ZAMA HAJAR KASUWA

Saboda haka ne aka daɗe ana neman gyara. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara tun wajen shekarun 1980. Suna da murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda maƙera suke ƙerawa. Suna da na laka mai suna Albarka. A ƙasar Kenya ma an fito da kurfoti mai yumɓu a ciki, ana kiransa Jiko. A nan kusa da mu, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta yi aiki a kan ingantaccen murhu.

A shekarar 2010 aka kafa wata babbar ƙungiya a Amurka. Burinta a wancan lokacin shi ne gidaje miliyan 100 su sami murhu mai tsafta kafin shekarar 2020. Dabararta ita ce a mai da murhu abin saye da sayarwa, kamar rediyo ko fitila mai hasken rana. A watan Mayu na 2024 an yi taro a birnin Faris na Faransa. A can aka yi alkawarin dala miliyan 2,200 domin gyara girki a Afirka.

A Nijeriya akwai wani murhun ƙarfe mai suna Save80. Wata ƙungiya a Kaduna ce ta fara yaɗa shi tare da Jamusawa. Daga baya aka buɗe masana'antar ƙera shi a Kano. Masu shi sun ce yana rage cin itace har kashi 80 cikin 100, kuma da 'yan ƙirare ake hura shi.

Amma ba kowane shiri ne yake isowa ƙauye ba. A shekarar 2014 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe fiye da naira miliyan dubu tara don sayen murhu 750,000 a raba wa matan karkara. Shirin ya faɗa cikin ce-ce-ku-ce. Wace ce a cikinku ta sami nata? Darasin shi ne kada mu zauna jiran rabo.

ME YA SA WANI MURHUN YAKE DA ARAHA?

Wata rana za ku ga baƙi sun zo da murhu, suna sayarwa rabin kuɗi, ko ma kyauta. Ga sirrin abin. Manyan kamfanoni a ƙasashen Turai da Amurka suna fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya. Sai su biya kuɗi a rage hayaƙi a wani wuri, a rubuta musu ladan. Idan kin rage ƙona itace, mai murhu yana lissafawa, ya sayar musu da wannan ragin. Da wannan kuɗi ake sauko miki da farashi.

Shi ya sa suke rubuta suna da lambar murhu, su ce a sa hannu ko a dangwala. Sukan kuma dawo su duba ko ana amfani da shi. Wannan ciniki ba laifi ba ne, amma akan yi zuƙu a lissafin. A 2024 masu bincike a Jami'ar Kaliforniya sun nuna cewa ragin da ake faɗa ya ninka na gaskiya sau da yawa.

To, ga amfanin karatunku. Kada ku dangwala a takardar da ba ku karanta ba. Kafin ku biya, ku yi waɗannan tambayoyi:

1. Tukunyar tuwon gidana za ta zauna a kansa? Zai jure tuƙi?
2. Wane irin makamashi yake ci, kuma ana samunsa a nan?
3. Idan ya lalace, wa zai gyara, kuma a ina?
4. Nawa ne kuɗinsa duka, idan biya kaɗan-kaɗan ne?
5. Za a ba ni rasit?

Ku ce a hura shi a gabanku, a dafa wani abu. Gani ya kori ji.

WANNE YA DACE DA MU?

Zan gaya muku gaskiya. Wanda ya fi tsafta shi ne iskar gas da lantarki. Ingantaccen murhun itace yana rage hayaƙi, amma ba ya kawar da shi duka. Sai dai gas yana da tsada, kuma wurin ɗura shi yana da nisa da mu. Kananzir ma ya fi ƙarfin talaka. Wanda yake da hali ya sayi ƙaramar tukunyar gas don shayi da ɗumame. Sauranmu mu fara da abin da hannunmu ya kai.

Murhun laka ba ya bukatar ko kwabo. A samo yumɓu da yashi kaɗan da kashin jaki da ƙaiƙayi. A kwaɓa, a rufe, a bar shi ya kwana kamar mako guda. A kafa duwatsu uku daidai gindin tukunya. A gina laka a zagaye su har wuyan tukunyar. A bar tazarar yatsa tsakanin tukunya da gini domin hayaƙi ya fita. A yanka ƙofa ɗaya ta sa itace. A bari ya bushe sarai kafin a hura. Idan ya tsage, a liƙe da laka. Kowace tukunya da nata murhu.

Ga kuma dabarun da ba sa cin kuɗi. A shanya itace ya bushe, a faskara shi ƙanana. A rufe tukunya da murfi. A jiƙa wake kafin a ɗora. A yi girki a wurin da iska take shiga. A nisantar da yara daga bakin wuta. Kada a hura wuta da leda ko roba, hayaƙinsu guba ne. Lokacin hunturu kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Yana fitar da iska marar wari wadda take kashe mutum cikin barci.

KIRA GA MAGIDANTA

Iyayena maza, wannan magana ba ta mata kaɗai ba ce. Aljihunku ne. A ce kana sayen itacen naira 500 kullum. A wata ya zama naira 15,000. Idan sabon murhu ya rage rabi, naira 7,500 ta dawo maka kowane wata. Ga kuɗin magani da ba ka kashe ba.

Iyayena mata, ku kafa adashi don sayen murhu, a riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Maƙeranmu da maginan tukwane, ku ma ga sana'a. Ku nemi samfur ku koya, ku kai kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Kowane gida kuma ya dasa bishiya ko da biyu ce, ya kare ta daga awaki.

Ga aikin gida. Kowa ya rubuta a littafinsa yawan itacen da gidansa ya ƙona cikin kwana bakwai. Bayan an gina sabon murhu, a sake rubutawa na wasu kwana bakwai. Ku kawo mu kwatanta a aji.