Ɗaukar Ma'aikaci da Horar da Shi: Nauyin da ke Kan Maigida

(Laccar da aka gabatar ga 'yan kasuwa da ɗalibai a Kwatarkwashi)



Daga Tsafe zuwa Gusau har Bunguɗu, kuka biyu ake ji kullum. Mai shago na cewa yaran yanzu ba su da amana, ba su iya komai ba. Matashi kuma na cewa ba a samun aiki sai da hanya. Abin da ya haifi kukan nan biyu, a ganina, ayyuka biyu ne da muka yi wa sakaci, wato tantance ma'aikaci da horar da shi, kuma dukansu a wuyan maigida suke.

Yadda iyayenmu suka yi

A da, uba ne ke kama hannun ɗansa ya kai shi wurin ɗan kasuwa ya ce, "Alhaji, ga amana." Yaro ya fara da shara da dakon kaya, ya koyi awo da ciniki, sai an ga kamun ludayinsa a bar masa aljihun kuɗi, bayan shekaru a sallame shi da jari. Gwaji da koyarwa duk a haɗe suke. Da jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa a hannun irin waɗannan iyayen gida da yaransu.

Yau gidan mai da kemis da gidan burodi da rumfar POS duk da albashin wata suke ɗaukar mutum. Mun riƙe tambayar "ɗan wane ne?" mun yar da shekarun koyarwa. Ran da yaro ya zo, ran nan ake miƙa masa makulli, in ya yi ɓarna a ce zamani ya lalace.

Abin da intabiyu ya kamata ta gano

Malamai sun san ƙissar Annabi Musa (AS) a Madyana cikin Suratul Ƙasas. Siffa biyu aka ambata a aya ta 26 ga wanda ya fi cancantar a ɗauka aiki: ƙarfi da amana. Ku lura, an shaidi ƙarfinsa ne bayan an ga ya shayar da dabbobi a bakin rijiya. Aya ta gaba kuma ta fayyace wa'adin aikin: shekara takwas, ko goma in ya ga dama.

Binciken zamani ma nan ya dosa. A 1998 wasu masana biyu na Amurka, Frank Schmidt da John Hunter, sun tattara sakamakon binciken shekara 85 kan ɗaukar ma'aikata. Sun gano cewa gwada mutum da aikin kansa, da yi wa kowa tsararrun tambayoyi iri ɗaya, sun fi hirar kara-zube nuna wanda zai yi ƙwazo. Yawan shekarun makaranta kuwa, abin da yake nunawa kaɗan ne. Gani ya kori ji.

Alhaji, in yaron POS kake nema, zaunar da shi ka ce: "Mutum ya zo cire dubu ashirin, an zare kuɗin daga asusunsa, takarda ta nuna bai shiga ba, yana ta faɗa. Me za ka yi?" Nuna masa alat na gaske da na bogi ya bambance. Ba shi cinikin yini guda ya haɗa lissafi a gabanka. In injin niƙa ne, ya duba mai ya tayar da shi. Ka yi wa kowane mai nema tambayoyin nan ba canji, ka sa wani amintacce ya zauna tare da kai, kowa ya rubuta makinsa kafin ku yi shawara. Ɗan ƙanwarka ma ya bi layin. Batun amana kuwa, mai tsaya masa na nan da amfaninsa, sai dai ka ƙara da tambayar inda ya baro. In kuma za ka gwada shi na kwanaki, ka biya shi ladan kwanakin.

Horarwa

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta rasa ƙwararru a masana'antu, sai ta tsara koyar da sabon hannu a mataki huɗu: a shirya shi, a nuna masa ana bayani, ya yi da hannunsa ana gyara masa, sannan a riƙa leƙa shi har ya tsaya da ƙafarsa. Kamfanin Toyota na Japan ya rungumi tsarin daga baya. Babu matakin da ya fi ƙarfin mai shago a Kwatarkwashi.

Ƙasarmu ma tana da tanadi. An kafa asusun horar da ma'aikata, ITF, a 1971, hedikwatarsa na Jos. Kamfanonin da dokar ta hau kansu suna zuba kashi 1 cikin 100 na albashin shekara, wanda ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida kuma yana iya karɓo har rabin abin da ya zuba. Asusun ne ya ɓullo da shirin SIWES a 1973, wanda ke turo muku ɗalibai koyon aiki daga makarantu irin Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda. Don Allah kada watanninsu su ƙare a aiken sayo abinci.

Na san wani zai ce, "In na koya masa, gobe ya buɗe nasa a gabana." Haka ne, yana iya tafiya. Amma wanda ba a koya wa ba, yana zaune yana korar maka masu ciniki, ana sauya shi duk bayan wata biyu, shi ya fi cin jarinka. Iyayenmu ma da yawan yaran da suka sallama ake auna girmansu. Maganin gudu shi ne yarjejeniya: dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. A rubuta albashi, ranar biya, lokacin tashi da hukuncin giɓin kuɗi.

Kammalawa

Ƙannena ɗalibai, kafin ku je intabiyu ku binciki sana'ar wurin, ku isa da wuri, abin da ba ku iya ba ku ce ba ku iya ba amma za ku koya. Takardar shaida za ta kai ku bakin ƙofa, aikin hannunku ne zai zaunar da ku.

Ku kuma iyayen gida, roƙona ke nan: ma'aikacin da za ku ɗauka nan gaba, ku gwada shi da aiki, ku rubuta masa sharuɗɗa, ku ware makonsa na farko don koyarwa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su jagoranci wannan a tsakanin mambobinsu. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da Zamfara lafiya.